Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Darar da Aka Ce Ba ta Irina Ba Ce

A makon jiya na tsaya a inda sakamakon jarrabawata ya fito, na ci komai na faɗi lissafi, Baba ya ce zaman kashe wando ba zai yiwu a gidansa ba, ya damƙa ni a hannun Kawu a shagonsa na ɗinki. Daminar 2004 ke nan. Aikina guga, sa maɓalli, da kai riguna wajen masu aikin wuya. In an yi La'asar Kawu ya sallame ni, sai in tsallaka gindin darbejiya inda ake dara. Ita kam tun ina ƙarami na iya ta: ramuka 30 a ƙasa, kowa da 'ya'ya 12, wannan da tsinke wancan da tsakuwa, in ka jera uku ka cire ɗan abokin karawarka.

Can gefe a kan benci akwai wani dattijo da ya yi ritaya daga reluwe, kowa Baba Akawu yake ce masa. Kullum yana zuwa da wani allo mai gidaje 64, fari da baƙi, ya jera 'yan gumakansa ya zauna. Wata rana ya samu abokin wasa, wata rana ya yi ta motsa su shi kaɗai. 'Yan dara suna kiran abin darar Turawa, shi kuwa ces yake cewa. Abin da na taso ina ji a kan wasan guda uku ne: sai mai ƙwaƙwalwar lissafi, na Turawa ne, kuma caca ce da aka yi wa ado. Duk ukun na yarda da su, na farkon kuma ya fi zauna mini, don akwai malamin da ya taɓa tsayar da ni a gaban aji ya ce kaina ba ya ja, in nemi sana'ar hannu tun da wuri. Maganar nan ta bi ni har shagon Kawu.

Wata ranar Laraba na lura ɗaya daga cikin 'ya'yan allon ya ɓata, wanda yake kama da soro, dattijon ya sa murfin kwalba a gurbinsa, iska na ta ture shi. Washegari na ɗauko kwarkwaron zare da ya ƙare a shago, na katako, na shafa masa baƙin shuni na kai masa. Ya juya shi a hannu, ya ajiye a kusurwar allon, ya zauna daram.

"Zauna mana, yaro," in ji shi.

Na ce, "Baba, ku yi haƙuri, ni ban iya lissafi ba. Shi ma na faɗi."

"Wa ya ce maka lissafi ake yi a nan? Ba kai nake gani kana cinye mutane a dara ba? In za ka aza tsinke, ƙirge kake yi?"

Na ce a'a, gani kawai nake yi, in na kalli ramukan sai in san inda uku za su haɗu.

"To ai shi ke nan. Idon da ya ga wancan shi zai ga wannan."

Ya koya mini tafiyar kowa. Sarki taku ɗaya. Sarauniya duk inda ta ga dama a miƙe ko a karkace. Soro a miƙe, giwa a karkace, doki gida biyu gaba ɗaya gefe, kuma shi kaɗai ke tsallake kan wani. Kurata takwas a gaba, ba sa ja da baya. Muka fara, a taku huɗu ya kashe ni. Sarauniyarsa da giwarsa suka haɗu a kan kurtun da ke gaban giwar sarkina, wanda ba shi da mai gadi sai sarkin kansa. Na ji kunya ta rufe ni, muryar malamin nan ta dawo mini a kunne, na miƙe zan tafi. Ya riƙo hannun rigata ya ce a sake jerawa. Ya nuna mini yadda taku ɗaya na doki ke toshe wa sarauniya hanya. Daga ranar ba wanda ya sake kama ni da wannan tarkon.

A nan nake son mai karatu ya ɗan tsaya tare da ni, don wannan ita ce ƙaryar da ta fi cutar da yara irina. Mutane sun ɗauka gwanin ces yana zaune ne yana hango taku ashirin gaba, kamar kwamfuta. Baba Akawu ya ce mini shi a yawancin wasa taku biyu ko uku yake dubawa, tambayarsa kuma ba ta wuce biyu: me wannan mutumin yake so da takun da ya yi, wane ɗa nawa ne ba shi da mai gadi. Saura duk sabo ne. Ka ga doki ya dira inda yake barazana ga sarki da soro a lokaci guda, ya cinye maka soron, sau ɗaya, sau biyar, sau goma, wata rana tun kafin ya dira za ka ji jikinka ya ba ka. Shekaru bayan haka na karanta labarin gwajin da wasu masana biyu a Amurka, Chase da Simon, suka wallafa a 1973. Sun nuna wa gwani da ɗan koyo allo na 'yan daƙiƙu, suka ce kowa ya sake jera abin da ya gani. In jerin daga wasa na gaske aka ɗauko shi, gwanin yakan yi wa ɗan koyon fintinkau. Da aka watsa 'ya'yan barkatai ba tsari, sai tazarar ta kusan ɓacewa. Ashe ba wata ƙwaƙwalwa ta daban gare shi ba, fuskokin wasa ya sani, kamar yadda Kawu ke kallon mutum ya faɗi yadi nawa zai ishe shi ba tare da ya ɗauko tef ba. Da na karanta sai da na yi ƙwalla, don abin da dattijon ya faɗa mini ke nan a gindin darbejiya da Hausar gida.

Na sha kashi a hannunsa fiye da wata biyu kafin in yi kunnen doki da shi sau ɗaya. A cikin watannin nan ya gyara mini ƙananan kurakuran da 'yan kallo ke yaɗawa: ba a cin sarki, rutsa shi ake yi har ya rasa mafita, in ka hana shi motsi alhali ba ka yi masa barazana ba, kuma ba shi da wani ɗa da zai motsa, ba ka ci ba, canjaras ne, kurtun da ya kai ƙarshen allo yana iya zama sarauniya ko da taka ta farko tana nan.

Sai magana ta kai kunnen Baba, cewa an ga ɗansa yana caca a bakin titi. Daren nan bai ci tuwo ba sai da ya kira ni. Ban yi musu ba, na ce, "Baba, don Allah ku zo ku gani da idonku." Bai zo shi kaɗai ba, da Malam na masallacin unguwarmu ya zo. Suka tsaya a kanmu har wasa ya ƙare. Malam ya tambaya ko ana jefa wani abu na sa'a, aka ce babu. Ko ana aza kuɗi, aka ce babu. Ya ce wannan shi ne shaɗaranj da ke cikin littattafan fiƙihu, kuma malamai sun yi saɓani a kansa: Imamu Malik bai so shi ba, Imamu Shafi'i bai kai shi ga haramci ba matuƙar ba kuɗi kuma bai shagaltar da mutum daga salla ba, amma in kuɗi ya shiga, bakinsu ɗaya. Ni ba malami ba ne, kowa ya tambayi wanda ya amince da iliminsa. Abin da zan iya shaida a kai shi ne babu sa'a a cikin wasan ko ta ƙwayar zarra, komai a fili yake a gaban mutum biyu. Baba ya gindaya mini sharaɗi biyu a wurin: ranar da ya ji an aza ko sisi, an gama, in ladan ya ɗaga murya, in tashi ko da taku ɗaya ya rage in ci. Har yau da nake da 'ya'ya ban karya su ba.

Kalmar shaɗaranj da Malam ya faɗa ita ta buɗe zancen asali. Baba Akawu ya ce a Indiya aka fara shi wajen ƙarni na 6, ya shiga Farisa, daga nan Larabawa suka ɗauka, a fadar Abbasiyawa a Bagadaza har littattafai aka rubuta a kansa, irin su Al-Adli da As-Suli. Ta hannun Musulmi ya shiga Turai ta Andalus. Turawa sun sauya wasu dokoki, su suka ba wa sarauniya ƙarfin da take da shi yanzu, a da waziri ne mai taku ɗaya a karkace. Wani Babarbare mai sayar da turare da ke zama kusa da mu ya sa baki, ya ce su a Borno manya sun san irinsa, tsatsarandi suke ce masa. Na ɗauka kishin gida ne ya sa shi faɗa. Daga baya na tarar wani jami'in mulkin mallaka mai suna Meek ya rubuta bayanin wasan na Borno tun 1934. Wasan da muke ƙyama da sunan baƙo ya riga jirgin ƙasa zuwa arewa.

Shi ya sa a Afrilun 2024, da na ga Tunde Onakoya a waya yana wasan awa 60 a dandalin Times Square na New York, mutumin da ya koyi ces a shagon aski a Ikorodu kuma yake koya wa yaran unguwannin talakawa na Legas, sai benci da darbejiya suka faɗo mini. Baba Akawu bai ga wannan rana ba, Allah ya jiƙansa.

Kafin azumin shekarar 2004 ya ba ni aron allon in riƙa kwana da shi. Nakan jera a tsakar gida bayan Isha, a hasken aci-balbal, ina maimaita abin da aka koya mini. Ƙanwata, mai shekara 12 a lokacin, takan zauna a bakin tabarma tana tsince shinkafa tana kallo. Inna ta ce mata ta tashi, wannan ba abin mata ba ne, ni ma a raina haka na ɗauka, ban san cewa shekara biyu kafin nan wata 'yar Hangare, Judit Polgar, ta doke Kasparov, gwanin ces na ɗaya a duniya a lokacin, ba. Wani dare na ɗaga giwa zan ajiye, sai na ji ta ce a hankali, ba tare da ta ɗago daga farantin ba, "Yaya, in ka sa ta nan dokinsa zai cinye maka soro."

Na duba. Gaskiyarta ne. Ban taɓa koya mata tafiyar doki ba.

Yadda muka kwashe da Inna a kan zamanta gaban allo, da ranar da na kai ta wajen Baba Akawu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.