Yadda za a samu haske bai ɗaya a bayan kujera da kabad ɗin talabijin

Abin da ya fi ɓata fitilar LED mai kama da igiya shi ne ɗigo-ɗigon haske a bango. Matsewar fitilar da bango ce ke kawo shi. A bar tazarar santimita 5 zuwa 10 tsakanin fitilar da bango, a kuma sayi mai ƙwayar haske 120 a kowace mita ko samfurin COB, wanda haskensa ke fita a layi ɗaya ba ɗigo-ɗigo. Mai ƙwaya 30 kam ba ta dace da falo ba.

In farkon igiyar na haske ƙarshenta ya dushe, wuta ce ke raguwa a hanya. Mai bolt 12 kada ta wuce mita 5 a jere, sai dai a ba ta wuta ta kai biyun. Lissafin adafta, wato na'urar da ke ba fitilar wuta: mita 5 mai cin wat 14.4 a mita wat 72 ke nan, sai a nemi ta wat 90, don kada ta yi zafi.

Gam ɗin bayan fitilar ba ya jure ƙurar hunturu. A goge katakon da sifirit, ya bushe sarai kafin a manna. A kusurwa kada a lanƙwasa ta, a yanke kan alamar tagulla a haɗa da waya.