Godiya ga Jama'armu ta Makka da Jidda Bayan Zaman Masu Shanyewar Ɓarin Jiki

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu, yayyenmu da ƙannenmu mazauna Makka da Jidda, mu 'ya'yanku masu aikin gashin ƙashi da jinya muna miƙa godiya kan zaman da aka yi daren Juma'ar da ta wuce game da shanyewar ɓarin jiki, wadda a nan ake ce wa jalɗa. Allah Ya saka wa Alhajin da ya ba mu istiraharsa, wato gidan taronsa, kyauta, ya kuma roƙi a sakaya sunansa, da Malam da ya buɗe mana da addu'a, da matasan da suka yi jigilar marasa lafiya da kekunansu daga Sharar Mansur, Hindawiyya da Misfala, da 'yan'uwa na Karantina da suka taso tun daga Jidda. Iyaye mata da suka kawo gahawa, dabino da kunu, Allah Ya ƙara buɗi.

Godiyarmu ta musamman ga dattawan da suka yarda aka gwada atisaye da su a gaban jama'a. Mun san nauyin hakan ga babba. Sai ku masu jinya, galibinku mata da 'ya'ya, waɗanda kuka roƙi mu rubuta abin da aka nuna don kada ya shige. Ga shi.

Ƙwaƙwalwa ce ta samu rauni, ba hannu ko ƙafa ba, kuma da maimaici take sake koyon aiki. An fi samun ci gaba a watanni 3 zuwa 6 na farko, ko da yake ba ya tsayawa nan. Likitan gashi zai ga Baba na ɗan lokaci ne a mako, sauran sa'o'in duk a hannunku suke. Shi ya sa muke roƙonku da babbar murya: kada tausayi ya sa ku yi masa komai. In zai iya kai cokali baki, ko da zai zubar da rabi, a bar shi. Hannun da aka hutar, ƙwaƙwalwa mantawa take yi da shi.

Kafaɗa ita ce wurin da muka fi ganin ɓarna. Tsokar da ke riƙe ta ta saki, don haka in aka ja hannun mai rauni, ko aka ɗaga mutum ta hammata, gaɓar tana gocewa, ciwo ya zauna na watanni, atisaye ya tsaya. A tallafe hannun da matashi in yana zaune, kada ya riƙa lilo. Wajen sa riga, hannu mai rauni ke fara shiga, shi ne kuma na ƙarshe wajen cirewa. Wanda bai iya juyawa da kansa ba, a juya shi duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya, a duba ƙugu da diddige.

Tashi daga zaune shi ne uwar atisayen. A samo kujera mai tauri wadda ba ta da taya, a jingina ta da bango. Shimfiɗar majalisa ta ƙasa ba ta dace ba tukuna. Ya matso bakin kujera, ya ja ƙafafu baya har su zo ƙarƙashin gwiwa, ya sunkuyo gaba sosai, sannan ya miƙe da nauyinsa a kan ƙafafu biyun. Mai jinya ya tsaya ta ɓangaren mai rauni, yana riƙe da bel ko zanen da aka ɗaura masa a ƙugu. Komawa zaune a hankali ne, ba a faɗawa. A fara da sau 5, a kai 10, sau 3 a yini. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗora duk nauyi a kan ƙafa mai lafiya: zai tashi, amma ɗayar ba ta koyi komai ba. A kan gado kuma, ya kwanta rigingine, ya lanƙwasa gwiwoyi, ya ɗaga ƙugu sama na daƙiƙa 5, ya sauke, sau 10.

In tsayuwa ta samu, ya riƙe abu mai ƙarfi da ba ya motsi, ya riƙa karkata nauyi dama da hagu, sannan taku gefe-gefe. Sanda a hannu mai lafiya ake riƙe ta. Hawa matakala, ƙafa mai lafiya ke fara hawa, wajen sauka mai rauni ke yin gaba. Silifas yana kayar da mutane, musamman wanda tafin ƙafarsa ke jan ƙasa. A sa takalmi mai rufe diddige, a kuma tambayi likita game da robar da ke tallafe idon sawu. A naɗe ƙananan dardumomin da ke kan hanya. Alwala a zaune za a yi ta, a kan kujerar roba, don tayil mai jiƙa ba ya yafiya. Malam ya tuna mana hadisin Imrana ɗan Husaini da ke cikin Bukhari, cewa wanda bai iya salla a tsaye ba ya yi a zaune, in bai iya ba ya yi a kishingiɗe. Kada kunya ta hana Baba ko Hajiya karɓar wannan sauƙi.

An yi tambayoyi da yawa kan maganin gida. Gashi da ruwan zafi yana ƙona fatar da ba ta ji, mutum bai sani ba sai ta saɓule. A gwada ruwan da hannu mai lafiya. Wanda ke shan maganin tsinka jini kada a yi masa ƙaho sai da izinin likitansa. Hannun da ya ƙage kuma ba a fizgarsa, fizga ƙara masa tauri take yi. A miƙar da yatsu sannu a hankali, a riƙe na daƙiƙa 30. Ruwa, ko da Zamzam ne, ba a ɗura wa mutum yana kwance. A zaunar da shi tsaf, a bar shi a zaune minti 30 bayan cin abinci. In yana tari ko shaƙewa wajen sha, a faɗa wa likita, don abin na iya sauka huhu.

A auna hawan jini kafin a fara. In lambar sama ta kai 180 ko ta ƙasa ta kai 110, ko akwai jiri, ciwon ƙirji ko numfashi sama-sama, a dakata a nemi likita. Lokacin zafi a yi tafiya bayan Asuba ko a cikin gida. In kuka ga baki ya sake karkacewa, hannu ya saki, ko magana ta harɗe, ku kira 997 nan take, ku kuma riƙe lokacin da abin ya fara, domin allurar narkar da gudan jini ana yin ta ne cikin awa 4 da rabi.

Da yawa kun ce burin tsofaffinku su koma sahu, su yi Umra da ƙafarsu. A bi shi daki-daki: ɗaki zuwa ƙofa, ƙofa zuwa masallacin unguwa. Sa'ayin Safa da Marwa kaɗai kusan kilomita 3 ne, don haka Umrar farko a keke ba gazawa ba ce. Wanda kuka ga ya daina magana, ya ƙi abinci, yana yawan kuka, kada ku ce ragwanci ne. Kusan mutum 1 cikin 3 na shiga ƙuncin zuciya bayan jalɗa, kuma yana da magani.

Waɗanda lokaci bai kai ga tambayarsu ba, ku gafarce mu, za mu fara da ku a zama na gaba in Allah Ya yarda. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa kaffara ce, Ya ba masu jinya lada da juriya.

Daga 'ya'yanku masu aikin gashin ƙashi da jinya, Makka.