Tarihin Rayuwata, Kashi na 11: Hannun Dama

"Jijiya ce ta kwanta, za ta tashi." Da wannan maganar Kawu ya rufe bakin kowa a gidanmu, har Inna. Hujjarsa ita ce yatsuna suna motsi. Suna motsi kam, amma kafaɗa da gwiwar hannu sun mutu murus tun ranar da babur ya kayar da ni, kafin a hana acaɓa a Kano a 2013. Mai ɗori ya ɗaure, ya kwance, ya shafa mai, damina ta zagayo hannu na reto.

Sai da Yaya Babba ya sayar da gonarsa aka kai ni Indiya na ji gaskiyar lamarin. Jijiyoyi biyar ne ke fitowa daga laka ta wuya su ciyar da hannu, nawa na sama sun tsinke daga tushe. Likitan ya ce da na zo cikin wata shida, da ya tsakuro zare daga jijiyar da ke motsa yatsu ya jona wa tsokar damtse, aikin da wani likitan Faransa, Oberlin, ya fito da shi a 1994. Tsokar da ta haura shekara ba jijiya kuwa ba ta ƙara amsawa. Za ta tashi, in ji Kawu!

Dole aka ciro tsoka daga cinyata da jijiyoyin jininta, aka dasa a damtse, aka jona mata jijiyoyin haƙarƙari. Jijiya kamar milimita ɗaya take tsirowa a rana, don haka watanni na yi ba labari. Da motsin ya zo, da tari ya zo. In na yi tari ko na ja dogon numfashi sai gwiwar ta lanƙwashe, a wajen gashi aka koya min raba su.

Ranar ɗaurin aurena, shekaru bayan haka, Kawu ya riƙe hannun nan a gaban jama'a yana cewa, "Ban faɗa muku ba?" Na yi shiru saboda Inna ta roƙe ni. Gonar Yaya Babba har yau ba ta dawo ba, kuma ban taɓa jin Kawu ya tambaye shi ita ba. Ina kai loma baki da dama, alhamdulillahi, amma ɗaga hannu sama da kafaɗa ya gagara.

Mako mai zuwa zan kawo rigimar kuɗin jirgi.