Tayar da na sa ma Prado ɗina, da wadda na koma mata

Motata Prado ce ƙirar 1999, mai ƙaramin injin nan na fetur, 2.7, silinda huɗu. Ta tsufa kam, amma ita ke kai ni gona wajen Kware duk sati, ita ke ɗauko man buhunan albasa idan ban samu mai akori-kura ba, kuma ina sonta har raina. Shi ya sa abin da ya same ta bara a hannuna yake damuna har yanzu, kuma na ga yara da yawa a garin ga suna bin hanyar da na bi.

Tayoyinta sun cinye, na je wajen masu taya da niyyar sayen irin nata. Ina tsaye sai ga wata jif ta faka, an ɗaga ta sama an sa mata manyan tayoyi masu haƙora, wallahi ta yi man kyau. Mai shagon ya lura da inda idona yake, ya ce "Alhaji wagga ita ta dace da motarka, rairayi ba ya riƙe ta." Lambar jikinta 285/75R16. Tawa ta asali kuwa 265/70R16 ce, haka aka rubuta a ƴar takardar da ke manne jikin ƙofar direba, takardar da shekara da shekaru ina wuce ta ban taɓa tsayawa na karanta ba. Na ga ai duka 16 ne a ƙarshe, za ta shiga rim, na biya aka ɗaura.

Sai daga baya na zauna na fahimci lambobin. 265 faɗin taya ne da milimita. 70 kuma tsayin gefen taya ne, wato kashi 70 cikin ɗari na wancan faɗin. R na nufin irin saƙar wayar cikinta, radiyal, 16 kuma girman rim da inci. To idan ka lissafa, tawa ta asali tsayinta daga ƙasa zuwa sama kusan milimita 777 ne, wadda na saya kuma kusan 834. Bambancin ya wuce kashi 7 cikin ɗari, kuma duk abin da na samu na ɗagawar mota daga ƙasa rabin wannan bambancin ne, milimita 28, faɗin yatsu biyu ma da ƙyar.

Abin da na biya a madadin yatsu biyun nan shi ne labarin. Ranar farko ina juya kan mota a ƙofar gida na murɗe sitiyari har ƙarshe sai na ji gurrr, taya na gugar robar cikin madigadi. Da na sunkuya na duba, ta goge wurin har ya yi sheƙi. Motar ta koma nauyi wajen tashi, inda da nake wucewa da giya huɗu yanzu sai na dawo uku, domin babbar taya kamar ka ƙara ma giya tsawo ne, injin 2.7 kuma ba shi da rarar ƙarfin da zai ɗauke wannan. Mai ya riƙa tafiya, da wannan tsadar fetur ɗin kuwa ba sai an gaya maka ba, aljihunka zai gaya maka. Birki ma sai na ƙara dannawa kafin ta tsaya. Sannan agogon gudu ya daina faɗin gaskiya, idan ya nuna 100 to kana kusan 107 ne, kuma kilomitan da yake ƙirgawa sun gaza wanda ka yi, har lokacin juyen bakin mai sai ya shige ba ka sani ba. Safaya ta Prado irin tawa a ƙofar baya take rataye, da na sa babbar can sai ƙofar ta fara ƙara a kan gargada.

Wani abu kuma da mai shagon bai faɗa man ba, rim ɗina faɗinsa inci 7 ne, ita kuma 285/75 daga 7.5 ake so ta fara. An dai matsa ta ta zauna.

Bakanikena dattijo ne, tun zamanin mahaifina yake taɓa motocin gidanmu. Da na kai mashi ya zagaya motar sau ɗaya ya dafa tayar ya ce "Ɗana, mi ya kai ka? Waɗanda sunka ƙera ta ba su san rairayi ba na?" Na ce Baba ai don gona na yi. Ya ce rairayi da iska ake cin shi. Kuma gaskiya ya faɗa, na gwada. Idan za ka shiga yashi mai laushi ka rage iska zuwa wajen 18 ko 20 a geji, taya ta baje ta kwanta, motar ta yi ta shawagi a kai ba ta tonawa, amma ka tafi a hankali, kuma da ka fito kwalta ka nemi mai faci ko ka yi amfani da ɗan famfon da ake jonawa da batir ka mayar da iskar yadda takardar ƙofa ta ce. Taya mai ƙarancin iska a kan kwaltar Sakkwato cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ita ce ke ɗaukar zafi ta fashe. Masu manyan haƙoran nan kuma na taɓo ne, a fadama da damina suna da rana, a yashi kuwa haƙa rami suke su binne ka. Wadda ake rubuta AT a jikinta, mai matsakaicin zane, ita ta fi dacewa da wanda rabin tafiyarsa kwalta rabi daji.

Na sayar da manyan da asara na koma. Ban ma tsaya a ta asali cif ba, 265/75R16 na sa, faɗi ɗaya da tawa, tsayi kusan milimita 804, ƙarin kashi 3 da ɗoriya kawai, ta zauna a rim daidai kuma a motata ba ta guga. A ganina nan ne iyakar mai tsohuwar mota da bai canza komai a ƙasanta ba, ko ta asali ko taki ɗaya sama. Na ɗauki mai alamar LT saboda gefenta ya fi kauri, ƙayar aduwa da ta bagaruwa a hanyar gona ba wasa ba ce, sai dai za ka ji motar ta ɗan yi tauri a kan rami.

Abin da nake roƙon masu fowil da shi, wato masu motar da ke ja da ƙafa huɗu, don Allah kar a gauraya tayoyi masu girma daban-daban. Na san halin da ake ciki, mutum ya sayi biyu yau biyu bayan wata uku, ko ya ɗauko ta gwanjo duk wadda ta samu. Amma mota irin Prado ɗina ƙafafunta huɗu duk suna ja a kowane lokaci, idan tayoyin gaba da na baya ba girma ɗaya ba to giyar tsakiya da ke raba ƙarfi ce ke shan wahalar bambancin, ba hutu, kuma gyaranta ya fi kuɗin taya nesa ba kusa ba. Huɗun su zama lamba ɗaya, safaya ma haka.

Kuma a duba haihuwar taya. A gefe akwai rubutun DOT, lambobi huɗu na ƙarshe su ne sati da shekara, 2319 na nufin sati na 23 a 2019. Na taɓa ganin taya an wanke ta an shafe ta tana ƙyalli, zane cike, da na karanta ta haura shekara tara, na matsa gefenta da babban yatsa sai ga ƙananan tsaga kamar faso a dunduniya. Akwai kuma lambar nauyi, irin 112 da ke biye da girman, wadda ke nufin kilo 1,120 kowace taya, kar ka sauka ƙasa da abin da motarka ta zo da shi, balle kai da ke loda buhuna.

Satin da ya wuce na dawo daga Kware da buhu shida a baya, na rage iska a mashigar gona na ƙara a bakin titi, har gida ban ji gugar nan ba ko sau ɗaya, kuma giya huɗu ta dawo tana ja yadda na san ta.