Abin da Kwastoma Ba Ya Gani a Cikin Fanel

Aikinmu haɗa akwatin wuta ne na masana'antu, wanda ma'aikata ke kira fanel, inda ake kunna injuna, a kashe su, a kuma kare su. Daga waje duk fanel ɗaya ne, ƙarfe mai fenti da 'yan fitilu. Shi ya sa kwastoma zai zo ya ce, "Injiniya, akwai mai yi mini da rabin kuɗinka." Nakan ce, "Ranka ya daɗe, tambaye shi amfiya nawa akwatin nasa zai jure ranar da wayoyi suka haɗe."

Nan ne ƙashin bayan sana'ar. Idan wayoyi suka haɗe, amfiya (ma'aunin yawan wutar da ke bin waya) dubbai ke kwararowa cikin ƙiftawar ido. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta IEC 61439 ta buƙaci a tabbatar akwatin zai jure wannan. A Amurka kuwa UL 508A ake bi, kuma dokar wutarsu ta ce a rubuta adadin a jikin fanel. Ƙarfin akwatin bai wuce na kayan da ya fi rauni a layin wutar ba. Ka zuba kaya masu jure amfiya dubu 65, ka sa guda ɗaya mai dubu 10 ba tare da kariyar da ta dace ba, to akwatinka na dubu 10 ne.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne bireka na jabu, wato na'urar da ke yanke wuta da kanta idan ta yi yawa. Kwali ɗaya, tambari ɗaya, amma ka ɗauka a hannu ka ji shi sakayau. Dila ya rantse maka na asali ne. Irin wannan yakan maƙale lokacin da ya kamata ya yanke wuta, alhali mutum ne tsaye a gaban ƙofar.

Maigidana a sana'a, Allah ya jiƙansa, ba ya sallamar fanel sai ya bi wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana ja da yatsa. Yakan ce noti mai sako-sako zafi yake haifarwa, zafi kuma gobara. A wurinsa na koyi sa wa kowace waya lamba a bakinta biyu, daidai da zane. Launukan wayoyi ma ƙa'idar IEC 60204-1 muke bi: kore da rawaya na wayar ƙasa ce kaɗai, ruwan lemo kuma na wayar da ke da wuta ko an kashe babban makunni. Ƙofa ma sai mun ja mata wayar ƙasa tata, don hinji ba abin dogaro ba ne.

Kafin kaya su fita muna gwada rufin wayoyi da volt 500, kada ƙarfinsa na tare wuta ya gaza mega-om 1. Mu danna maɓallin tsayar da gaggawa, ja a kan rawaya, mu ga komai ya tsaya cak. Sakamakon gwajin da zanen wayoyin suna cikin aljihun ƙofa, kuma masu rabin kuɗi ba sa ba da ko ɗaya.