Muna zagin DLC da baki, muna biya da hannu

Shekaranjiya da daddare muna cikin buga gem onlayin ni da abokaina uku, kawai sai ga ɗayanmu ya shigo da sabuwar riga a jikin ɗan wasansa, irin mai ƙyallin nan da ba a samu sai an cire kuɗi. Abin da ya sa muka fashe da dariya, wannan bawan Allah ko sati biyu ba a yi ba da ya cika mana kunne wai duk mai sayen DLC shi ne yake lalata harkar gem, wai mu ne muke sa kamfanoni suna raina mutane. Da muka taso shi a gaba sai cewa ya yi "ai ragi aka yi". Ragi! Na ce malam ragi ko ba ragi ba kuɗi dai sun fita daga aljihunka sun shiga nasu. Ya ce in bar shi ya ji da abin da ya dame shi. Ni kuma na yi shiru da sauri, don na san idan aka buɗe nawa asusun aka duba abin da na saya a shekara biyun nan, to ba ni da bakin magana.

Ga wanda bai saba ba, DLC shi ne duk wani ƙarin abu da ake saukewa bayan ka riga ka mallaki gem ɗin, ko sabon labari, ko sabuwar taswira, ko mota, ko ɗan wasa, ko kuma kayan ado kawai. Wani kyauta ne, wani na kuɗi. Na kuɗin shi ne ake ta rigima a kai kusan shekara 20 kenan kuma har yau ba a gama ba.

Duk wanda ya daɗe a harkar ya san labarin sulken doki. A 2006 kamfanin Bethesda ya saki wani ɗan ƙari a gem ɗin Oblivion, sulke ne da za ka sa wa dokinka, dala 2.50 a Xbox 360. Duniyar 'yan gem ta ɗauki zafi, aka yi ta ba'a, har kalmar sulken doki ta zama abin da ake kiran duk wani DLC na banza da shi. Mutane suna cewa ya za a yi in sayi gem dala 60 sannan a ce in ƙara kuɗi don doki ya yi kwalliya. To amma ga inda gizo yake saƙar, sulken nan ya sayu, ya sayu sosai ma, mutanen kamfanin da kansu sun faɗi haka daga baya. Wato ana so ana kaiwa kasuwa. Yau kuma riga ɗaya a wasu gem ɗin tana kai dala 20 kuma babu mai ko ɗaga gira, wanda ya yi ƙorafi ma sai a ce masa ai ba dole aka yi maka ba.

Amma ni abin da na lura da shi, kuma shi ne ya sa na zauna rubuta wannan, ba biyan kuɗin ne yake ɓata wa 'yan gem rai ba. Shekara ɗaya bayan sulken doki, kamfani ɗaya, gem ɗaya, suka fitar da Shivering Isles a kan dala 30, ninki goma sha biyu na kuɗin sulken kenan, kuma mutanen da suka yi ta zagi su ne dai suka saya suna yabo, saboda sabuwar duniya ce guda aka ba su da labarinta da mutanenta. Kenan tambayar da ɗan gem yake yi a ransa ba "nawa ne" ba ce, tambayar ita ce, wannan abin ƙari aka yi min a kan abin da na saya, ko kuwa yankar nawa aka yi aka ɓoye sannan aka dawo ana sayar min?

Na taɓa ɗanɗana na biyun kuma har yau ina jin haushin. Wani gem ne na faɗa, ba sai na kama suna ba, na saye shi a cikakken kuɗinsa ranar da ya fito, na buɗe wurin zaɓar 'yan wasa sai na ga wasu gurabe sun yi duhu da ɗan hoton kwaɗo a kansu. Na ɗauka irin na da ne, ka buga ka buga har ka buɗe su da guminka. Na kwana uku ina fama, ashe ba a buɗe su da wasa, sai da kati. Na daure na biya ɗaya, na gyara zama ina jiran a sauke wani babban fayil, wallahi kafin in ajiye abin bugawa a kan kujera har ya gama. Ko daƙiƙa biyar bai yi ba. A nan na gane babu abin da aka sauke min, mukulli kawai aka miƙo min na ɗakin da yake cikin gidan da na riga na biya kuɗinsa. Ɗan wasan ma ban fi sau huɗu na yi amfani da shi ba, duk sanda na gan shi sai in ji kamar yana min dariya.

Irin wannan ba ni kaɗai ba ne. A 2012 an yi babbar hayaniya a kan Street Fighter X Tekken lokacin da masu tone-tone suka gano 'yan wasa 12 suna kwance cikin faifan tun ranar farko, daga baya Capcom, kamfanin da ya yi gem ɗin, ya sayar da su dala 20. A shekarar dai Mass Effect 3 ya fito da wani DLC mai suna From Ashes a ranar da gem ɗin ya fito, dala 10, kuma ba ƙaramin abu ba ne a ciki, wani ɗan tawaga ne daga ƙabilar da tun gem na farko ake ba ka labarin ta ɓace, duk mai bin labarin zai so ya ji ta bakinsa. Kamfanoni suna da amsarsu, suna cewa akwai tazara tsakanin ranar da aka kammala gem da ranar da ya shiga kasuwa, ma'aikata ba za su zauna haka nan ba shi ya sa suke fara aikin ƙari. Wataƙila gaskiya ne a wasu lokutan. Amma ka je ka faɗa wa wanda ya ga abin a cikin faifansa haka, ka ga kallon da zai yi maka.

Ɗaya ɓangaren kuma, akwai DLC ɗin da idan aka ambace shi sai ka ga fuskar ɗan gem ta saki. The Witcher 3 ya fito a 2015, suka raba ƙananan ƙari guda 16 kyauta, sannan suka sayar da manya biyu, Hearts of Stone dala 10 da Blood and Wine dala 20. Blood and Wine ɗin nan fa ƙasa ce sabuwa guda, ni na fi awa 25 a ciki ban ma leƙa ko'ina ba, kuma a bikin The Game Awards na 2016 shi ya lashe kyautar gem ɗin RPG (irin wanda kake shiga rigar jarumi kana bin labari) mafi kyau, DLC ya doke cikakkun gem. Haka Shadow of the Erdtree na Elden Ring a 2024, dala 40, ya sayar da kwafi miliyan 5 cikin kwana uku, kuma abin mamaki ba za ka ma iya shiga cikinsa ba sai ka kashe wasu manyan bos, wato manyan abokan gaba, guda biyu masu shegen wuya a ainihin gem ɗin. Ka biya kuɗinka kuma a ce sai ka ci jarrabawa kafin a buɗe maka ƙofa, amma mutane suka karɓa da murna. Ƙorafin da aka fi yi shi ne ya yi wuya da yawa, ba wai an cuce su ba.

Inda abin ya ɓaci da gaske shi ne da aka bar sayar da abu aka koma sayar da sa'a. Ka biya kuɗi a ba ka akwati, ba ka san me ke ciki ba sai ka buɗe. Masu buga FIFA sun san wannan ciwon sarai, ka sayi fak, wato ƙunshin katunan 'yan ƙwallo, kana addu'ar babban ɗan wasa ya fito, allo ya yi ta walƙiya kiɗa ya tashi, ƙarshe a ba ka wani mai tsaron gida da ko sunansa ba ka taɓa ji ba, sai zuciya ta ce ƙara ɗaya dai. A shekarar kuɗi ta 2021 kaɗai tsarin Ultimate Team, inda ake sayen fak ɗin nan, ya kawo wa kamfanin EA sama da dala biliyan 1.6. A ƙarshen 2017 ne tura ta kai bango da Star Wars Battlefront II, shi ma na EA, inda aka kulle shahararren ɗan wasan nan Darth Vader, wani ya lissafa cewa sai ka yi kusan awa 40 kana wasa kafin ka buɗe shi, ko kuma ka bi ta hanyar akwatunan kuɗi ka rage zango. Amsar da kamfanin ya bayar a dandalin tattaunawa na Reddit ta samu ƙuri'un ƙi sama da 600,000, har ta kafa tarihi, dole suka rage farashin suka kuma dakatar da sayayyar gaba ɗaya ana gobe gem ɗin zai fito. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatunan caca ne. Da aka kira wakiliyar EA gaban wani kwamitin majalisar Birtaniya a 2019 sai ta ce su ba akwatin sa'a suke kiransu ba, wai dabarun ba-zata ne. Ba cinya ba ƙafar baya.

Ni a ganina nan ne kaɗai 'yan gem suka taɓa haɗa kai da gaske har aka ji su. Sauran lokutan ihu ne kawai, a yi kwana uku ana zagi a ba gem tauraro ɗaya a shagunan gem na onlayin, sati na zagayowa kowa ya koma ya ci gaba, rabin masu zagin ma da sabuwar riga.

Sai kuma sizin fas, wanda ni cinikin biri a sama nake kiransa, ka biya yau don abubuwan da za a yi nan da wata takwas, ba ka gani ba, su ma wani lokacin ba su fara ba. Da ƙaninsa batul fas, inda kake biya sannan ka riƙa hawa matakai da wasa kana samun kaya, wanda gem ɗin Fortnite ya yaɗa shi ko'ina. Shi wannan wayonsa daban ne, ba tsada ne da shi ba, amma yana da ranar ƙarewa, in ba ka gama matakan ba kafin lokacin abin da ka biya ya tafi. Na taɓa samun kaina ƙarfe biyun dare ina buga gem ɗin da na gaji da shi, idona na ruwa, ba don daɗi ba sai don kar kuɗina su tafi a banza, kamar wanda aka ɗauka aiki amma shi yake biyan albashi. Ƙanina kuwa da ya taso a cikin wannan zamanin bai ga komai a ciki ba. Na ce masa a da fa kaya irin waɗannan da wasa ake buɗe su, ya kalle ni ya ce "to Yaya gem ɗin fa kyauta suka ba mu, su da me za su ci?" Kuma gaskiya ban samu amsar ba shi nan take ba, don a gem ɗin kyauta maganarsa tana kan hanya. Matsalata da wanda zai karɓi dala 70 a hannuna sannan in shiga in tarar da shago ya fi filin wasan haske. Ko su masu na kyautan ma ba wankakku ba ne, a ƙarshen 2022 Epic, masu Fortnite, ta amince ta mayar wa mutane dala miliyan 245 bayan hukumar kasuwanci ta Amurka ta zarge ta da tsara maɓallai yadda mutum, har da yara, zai sayi abu ba da niyya ba.

Na san hujjar ɗaya ɓangaren, kuma ba zan ce ƙarya ce ba. Farashin babban gem ya tsaya a dala 60 kusan shekara 15, sai a 2020 aka fara ganin 70, alhali kuɗin haɗa gem ya ninka ya sake ninkawa, ɗaruruwan ma'aikata shekara biyar ko shida a kan abu ɗaya. Dole kuɗin su fito ta wani wuri. Kuma DLC yana raya gem, The Sims 4 tun 2014 yake kuma har yanzu ana ƙara masa kaya, tun 2022 ma ainihin gem ɗin kyauta ne, sai dai in ka ce duk ƙarin za ka saya to ka tanadi sama da dala 1,000. Amma kuma sai ka tuna No Man's Sky da ya fito a 2016 aka yi masa ca, suka yi shekaru suna ƙara abubuwa ba su karɓi ko sisi ba, ko Stardew Valley da mutum ɗaya ya haɗa yake ta sabunta shi kyauta, sai ka ga ashe ba kowa ne dolen ta kama ba. Masu son GTA kuma nasu kukan daban ne, su roƙo suke a sayar musu, GTA IV ya samu ƙarin labari har biyu, GTA V tun 2013 ko ɗaya bai samu ba saboda kuɗin yana can a onlayin.

Ni dai yanzu dokar da na sa wa kaina ita ce ba na sayen ƙari sai na gama ainihin gem ɗin kuma na ji ina kewarsa, ba na biyan abin da ban gani ba, akwatin sa'a kuwa ko kyauta aka ba ni ina buɗewa ne da ƙyar. Ina karya dokar? Ina karyawa mana, watan jiya ma na karya a kan wata mota.

A 2025 da aka sake fitar da Oblivion a sabon gyara, sai ga shi bugun mai tsadan, wanda ake ƙara dala 10 a kai, ya zo da sabon sulken doki a ciki. Na tura wa abokin nan nawa mai rigar ƙyalli hoton a lokacin ina dariya, ya turo min alamar kuka ya ce mutanen nan ba su da kunya. Da na tuna masa shekaranjiya na ce to wanne ka saya a ƙarshe, sai ya ce layinsa ba ya ji sosai, mu fara wasan kawai.