Daga ginin ƙasa a Katsina zuwa Barewa ta Zariya

Duk wanda ya je Katsina ya kamata ya ɗan leƙa tsohon ginin nan na Kwalejin Katsina, wanda yanzu aka mayar gidan tarihi. Ginin jar ƙasa ne, bango mai kauri, rufin azara, ko rana ta take a waje in ka shiga ciki sai ka ji sanyi-sanyi. Azuzuwan ba wasu manya ba ne wallahi, amma a nan Sardauna Ahmadu Bello ya zauna daga 1926 zuwa 1931, a nan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya zauna daga 1928 zuwa 1933, yara ne a lokacin da aka ɗauko daga Sakkwato da Bauci ba wanda ya san abin da Allah zai yi da su.

A 1921 aka kafa ta, gwamna Hugh Clifford ya buɗe ta a hukumance a watan Maris na 1922 zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Katsina dai dama garin ilimi ne tun tale-tale, hasumiyar Gobarau ma shaida ce, kuma Sarki Dikko mutum ne mai son abin ci gaba shi ya sa abin ya zauna a can. Turawa ba don su samar mana da shugabanni suka yi ta ba, malaman makaranta suke nema da za su koma larduna su koyar, yara maza zalla, ana tsamo su kaɗan-kaɗan daga kowane lardi. To amma ka tara yaran da suka fi kowa ƙwaƙwalwa a Arewa wuri guda shekara biyar suna ci tare suna kwana tare, ai dole abin ya wuce koyarwa.

Makarantar ta yi ƙaura sau biyu. A 1938 aka maida ta Kaduna ta zama Kwalejin Kaduna, a nan Malam Aminu Kano da Shehu Shagari suka yi, sannan a 1949 aka kawo ta Zariya wajen Gaskiya inda take har yau. Ta jima ana kiranta Kwalejin Gwamnati kafin a 1971 a raɗa mata Barewa, sunan dabbar da ke jikin tambarinta. Gowon da Murtala a Zariya suka yi, haka ma Umaru Musa 'Yar'aduwa daga baya. In ka lissafa da Tafawa Ɓalewa da Shagari mutum biyar ke nan da suka riƙe Najeriya daga makaranta ɗaya, ga kuma Sarkin Musulmi na yanzu Sa'ad Abubakar shi ma ɗan can ne.

Wannan lissafin kowa ya san shi, duk shekara sai an maimaita. Ni abin da ya fi taɓa ni al'adun makarantar ne, musamman maganar lamba. Kowane yaro ranar da aka ɗauke shi ana ba shi lamba, kuma lissafin bai taɓa yankewa ba tun daga Katsina, ƙaura ba ta sa an koma ɗaya ba, canjin suna ma haka. Tafawa Ɓalewa B145 ne, Gowon B783. Kawuna ɗan makarantar ne, yanzu tsufa ya kama shi har wani lokaci sai ya tsaya yana lalubar sunan jikansa, amma ka ce masa Kawu mecece lambarka, kafin ka rufe baki ya faɗa. In suka haɗu da wani tsohon ɗalibi a wajen ɗaurin aure ko jana'iza ba a fara tambayar aiki ko muƙami, lamba ake fara tambaya, kuma wanda tasa ta fi ƙanƙanta shi ne babba ko da kuwa ɗayan minista ne shi kuma ɗan fansho. Na ga mai babbar riga da direba ya rusuna ya gaida Kawu saboda wannan, kuma ba wasa yake ba.

Sai gidajen kwanan ɗalibai. Sunayensu kaɗai darasin tarihi ne: akwai Lugard da Clifford, akwai Ɗan Hausa wato Hanns Vischer baturen da ya buɗe makarantar boko a Nasarawar Kano a 1909, sannan ga Bello Kagara da Nagwamatse malamanmu na gida da suka koyar, ga Ja'afaru Sarkin Zazzau, ga Sulaiman Barau Sarkin Abuja wanda shi kansa tsohon ɗalibi ne. Na san akwai masu ganin a cire sunan Lugard tunda shi ya ci ƙasarmu da yaƙi, kuma na fahimce su sarai, ni dai a nawa ganin gara a bar shi a kuma gaya wa yaro gaskiyar wanene shi da abin da ya yi a Kano da Sakkwato a 1903, ya fi a goge yaro ya tashi bai sani ba. Gidan da aka sa ka shi ne danginka, da shi za ka yi gasar tsafta da guje-guje da ƙwallo, prifet ɗin gidan kuwa ko malami ba a tsoro kamarsa.

Ga kuma fayis, wasan nan da ake buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango uku. Daga makarantar Eton ta Ingila aka kawo shi, Sardauna ya ƙware a kai sosai bai daina bugawa ba har yana Firimiya, kuma har yau ana buga shi a Katsina da Sakkwato da Birnin Kebbi alhali a can Ingilar ma 'yan makarantu ƙalilan ne suka san shi. Taken makarantar kuwa da Larabci yake, Man jadda wajada, wanda ya dage zai samu, kuma hakan ya dace da makarantar da ake karanta Turanci da lissafi da safe amma ba a yar da Larabci da addini ba.

Abin da ke damuna shi ne yadda muka bar irin wannan tsari ya kuɓuce mana a makarantun gwamnati gaba ɗaya. A da ɗan sarki da ɗan manomi kwano ɗaya suke ci, Gowon Kirista ɗan mai wa'azi da ya tashi a Wusasa ya yi karatu cikin 'ya'yan Musulmi, shi ya sa da suka girma suka san juna suka san mutuncin juna. Yanzu kuwa mai hali ya kai nasa firamare da sakandaren kuɗi ko ya tura waje, talaka ya tura nasa inda aji ɗaya ya cika maƙil ba kujera, to ina za su haɗu balle su saba?

Ƙungiyar tsofaffin ɗaliban, BOBA, ta yi bikin cika shekara 100 a 2021 kuma suna ƙoƙari wajen gyare-gyare, Allah ya saka musu da alheri. Roƙona gare su da sauran masu hali bai wuce ɗaya ba, bayan fenti da sabon rufi, kowa ya ɗauki ɗa ko jika guda ya kai shi makarantar gwamnati ta kwana ya karɓi tasa lambar, don ranar da 'ya'yan manya suka koma cin abincin dainin ɗin nan ranar za a fara duba abin da ake dafawa da wanda ke koyarwa.